Yadda A Ke Tsara Hasumiyar Rarrabe Haidirokabon Marasa Nauyi

Gabatarwa

Gas ɗin da ke fitowa daga rijiyar mai gauraye ne na waɗansu abubuwa 'yan gida ɗaya, waɗanda masana su ke kira haidirokabon domin kabon da haidirojin kaɗai a ke samu a jikinsu. Marasa nauyi daga cikinsu su ne metan, mai ƙwayar kabon ɗaya, da etan mai biyu, da furofan mai uku, da butan mai huɗu, da fentan mai biyar. Kowannensu da kasuwarsa. Metan a ke turawa cikin bututu zuwa tashoshin lantarki da masana'antun takin zamani. Etan a ke fasawa a sami etilin, wanda da shi a ke yin leda da roba. Furofan da butan su ne gas ɗin girki da a ke ɗurawa a tukwane, fentan kuwa da abin da ya fi shi nauyi cikin fetur su ke ƙarewa. Muddin suna cakuɗe, ba mai sayensu da daraja, sa'an nan akwai haɗari cikin cakuɗar. A ranar da zafi ya kai digiri 40, matsin butan cikin tukunya bai kai ninki 4 na matsin iskar sarari ba, amma na furofan ya kai ninki 13 da rabi, na etan kuwa ya fi haka nesa. Tukunyar da a ka ƙera don ɗaya ba lalle ta jimre ɗayan ba.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana matakan da injiniya ya ke bi wajen tsara hasumiyar da ke wannan rarrabewa. Sai mai karatu ya lura da abu biyu. Inda a ka ce "ruwa" ana nufin haidirokabon da ya zama mai kwarara, ruwan da a ka saba da shi kuwa za a kira shi ruwan rafi. Duk awon zafi a ma'aunin Salsiyos ya ke, awon matsi kuma da ninkin matsin iskar sarari.

Tushen Aikin

Dukan hikimar tana kan bambancin zafin da kowane ɗaya ke tafasa. A matsin iskar sarari, metan yana tafasa a digiri 162 ƙasa da sifiri, etan a 89 ƙasa da sifiri, furofan a 42 ƙasa da sifiri. Butan iri biyu ne: isobutan, mai tafasa a 12 ƙasa da sifiri, da miƙaƙƙen butan, mai tafasa dab da sifiri. Miƙaƙƙen fentan sai a digiri 36.

In an tafasa gaurayen ruwa, tururin da ke tashi ya kan fi ruwan da ya bari yawan mai saurin tafasa. Bafaranshe François-Marie Raoult ya bayyana ƙa'idar wannan a shekarar 1887, kuma haidirokabon 'yan gida ɗaya suna bin ƙa'idarsa sau da ƙafa in matsi bai yi yawa ba. Adadin da ke nuna yadda ɗaya ya fi ɗan'uwansa son tashi shi ne a nan za a kira fifikon tashi. Ga misali, in fifikon furofan a kan butan 2.5 ne, ruwan kuma rabi da rabi ne, to, tururin da zai tashi zai ƙunshi furofan 2.5 a kan kowane butan ɗaya, watau kashi 71 cikin 100. An ci gaba ke nan, amma da saura. In an sanyaya wannan tururi ya koma ruwa, a ka sake tafasa shi, sabon tururin zai kai kashi 86. Haka za a yi ta yi har a kai tsabtar da a ke so.

Tafasawa a kama tururi tsohuwar sana'a ce. Al-Kindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare ta wannan hanya a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Amma tara tafasawa da yawa cikin na'ura guda mai aiki ba tsayawa, wannan aikin ƙarni na 19 ne. Cellier-Blumenthal ya yi rajistar irin wannan na'ura a Faransa a 1813, Aeneas Coffey ya yi rajistar tasa a 1830, sa'an nan Ernest Sorel ya rubuta lissafinta mataki-mataki a 1893.

Siffar Hasumiya

Hasumiyar doguwar ganga ce ta ƙarfe a tsaye. A cikinta an jera faya-fayen ƙarfe, wani bisa wani, kowanne da ƙananan huda-huda kamar gindin madambaci. A gindi akwai tukunya mai tafasa ruwan da ya sauko. A ƙoli akwai masanyaya, wadda ke mai da tururi ruwa. Wani kashi na wannan ruwa a kan kwashe a matsayin kayan sama, saura kuma a mayar da shi kan faifan ƙoli. Wannan shi ne ruwan mayarwa.

Ruwa na gangarowa daga faifai zuwa faifai, tururi na ratsa hudojin yana hawa, sai su gauraya a kan kowane faifai kamar kumfa. A nan mai nauyi daga cikin tururi ya kan daskare ya bi ruwa ƙasa, zafin da ya saki kuma ya tashi marar nauyi daga cikin ruwa ya bi tururi sama. Kowane faifai ya zama tafasawa ɗaya da sanyayawa ɗaya ke nan. In babu ruwan mayarwa, faya-fayen sama za su bushe, tururi ya wuce yadda ya shigo.

Mataki na Farko: Abin da Ya Shiga da Abin da Zai Fita

Don bayani ya fito sarari, a ɗauki hasumiyar raba furofan da butan. Masu wannan lissafi da ƙidayar ƙwayoyi su ke awo, ma'aunin kuwa sunansa kilomol. Kilomol ɗaya na furofan kilo 44 ne, na butan kilo 58, amma yawan ƙwayoyin da ke cikinsu ɗaya ne.

A ce kilomol 100 ke shiga kowace awa, 50 furofan, 50 butan, kuma mai saye ya ce yana son kayan sama su zama furofan kashi 98 cikin 100, kayan ƙasa kuma butan kashi 98. Tun da ba abin da ke ɓacewa a ciki, kilomol 50 za su fita ta sama, 49 furofan da butan ɗaya, 50 kuma ta ƙasa, 49 butan da furofan ɗaya. Inda gaurayen ya ƙunshi abubuwa fiye da biyu, a kan zaɓi maƙwabta biyun da za a yanka iyaka a tsakaninsu a yi lissafi a kansu, domin duk wanda ya fi su sauƙi sama zai bi, wanda ya fi su nauyi kuma ƙasa.

Mataki na Biyu: Zaɓen Matsi

Wannan shi ne hukuncin da sauran duka ke rataye a kansa. In an bar hasumiyar a matsin iskar sarari, sai an kai masanyaya digiri 42 ƙasa da sifiri kafin furofan ya zama ruwa, wannan kuwa sai da manyan injunan sanyi masu cin wuta. Amma in an matsa tururi ya kan zama ruwa a zafi mai yawa. Saboda haka injiniya ya kan fara da tambayar abin sanyayawa mafi araha da ke wurin, watau ruwan rafi ko iskar fanka, ya ƙara kimanin digiri 10 a kan zafinsa don zafi ya sami hanyar fita.

A ƙasa mai sanyi, inda za a iya riƙe masanyaya a digiri 30, matsi ninki 11 ya isa. Inda iska ke kai digiri 40 da bazara, sai a riƙe ta a wajen digiri 50, furofan kuwa ba ya zama ruwa a wannan zafi sai matsi ya kai ninki 17. Don haka hasumiyar da za a kafa a wuri irin Kaduna, inda a ka buɗe matatar mai a 1980, ko Damagaram, inda a ka buɗe tata a 2011, dole a yi lissafinta da zafin watan Afrilu na wurin. A matsi ninki 17, butan da ke gindi zai tafasa a wajen digiri 105, zafin da tururin ruwan rafi ke iya bayarwa ba wuya.

Ƙara matsi fiye da bukata hasara ce ta fuska biyu. Bangon hasumiya zai ƙara kauri, sa'an nan fifikon tashi zai ragu, domin gwargwadon matsi gwargwadon yadda tururi ke kama da ruwa. Ƙa'idar ita ce a ɗauki matsi mafi ƙanƙanta da zai bari a yi sanyaya mai araha. A wannan misali za a ɗauka fifikon tashi 2.5 ne daga ƙoli har gindi, ko da ya ke a zahiri ya kan ɗan fi haka a sama, ya ɗan gaza a ƙasa.

Mataki na Uku: Iyakoki Biyu

Kowace hasumiya tana tsakanin iyakoki biyu. Ta farko ita ce mafi ƙarancin matakai. In an mayar da dukan ruwan sama, ba a kwashi kome ba, kowane cikakken mataki zai ninka rabon furofan a kan butan sau 2.5. A gindi rabon ɗaya ne bisa 49, a ƙoli kuma 49 ne bisa ɗaya, watau ana bukatar ninki 49 sau 49, wanda ya ba da 2,401. In an ninka 2.5 da kansa sau 8 a kan sami 1,526, sau 9 kuma 3,815. Ashe matakai 8 sun gaza, 9 sun ɗan wuce, amsar tana wajen 8 da rabi. Wannan shi ne lissafin da Merrell Fenske ya buga a Amurka a 1932. Irin wannan hasumiya gajera ce, amma ba ta fitar da kome.

Iyaka ta biyu ita ce mafi ƙarancin ruwan mayarwa. In ana rage shi, a kan kai inda ruwa da tururin da ke kusa da mashigar kaya su ke daidaita, ba wanda ke karɓar kome daga ɗan'uwansa, ko da an ƙara faifai dubu. A misalin nan, ruwan mashiga yana da furofan kashi 50, tururin da ya yi daidai da shi kashi 71.4, kayan sama kashi 98. A ɗebe 71.4 daga 98 a sami 26.6, a ɗebe 50 daga 71.4 a sami 21.4, a raba na farko da na biyu, sai a sami 1.24. Ma'anarsa, a kan kowane kilomol da a ka kwashe ta sama, dole a mayar da fiye da 1.24. Wannan ya shafi kayan da su ka shigo suna ruwa dab da tafasa. Inda abubuwa su ka fi biyu, hanyar da A. J. V. Underwood ya kammala a Ingila a 1948 a ke bi.

Mataki na Huɗu: Tsaka-tsaki

Tsakanin iyakokin nan ciniki ne tsakanin ƙarfe da wuta. Ruwan mayarwa kaɗan yana bukatar doguwar hasumiya, kuɗinta kuwa sau ɗaya a ke biya. Ruwan mayarwa mai yawa yana gajarta ta, amma duk ɗigon da a ka mayar sai an sake tafasa shi, wannan kuɗi kuwa kullum a ke biya. An daɗe da gane cewa arahar tana wajen ninki 1.2 zuwa 1.5 na mafi ƙarancin. In an ɗauki ninki 1.3, ruwan mayarwa ya zama 1.6.

Akwai hanya biyu sanannu na gano matakan da wannan zai bukata. Warren McCabe da Ernest Thiele sun fito da hanyar zane a 1925, inda a ke zana matakai kamar na tsani tsakanin layin daidaito da layin aiki, a ƙirga su. Edwin Gilliland kuma a 1940 ya tara lissafin hasumiyoyi da yawa ya fitar da lanƙwasa guda mai haɗa iyakokin biyu da amsar da a ke nema. Ta hanyarsa, misalin nan ya ba da cikakkun matakai kusan 19, watau ninki biyu da ɗoriya na mafi ƙarancin. Tukunyar gindi mataki ɗaya ce, saura 18.

Amma faifan gaske ba ya kai cikakken mataki, domin ruwa da tururi ba su daɗe tare har su daidaita sarai. Ga haidirokabon marasa nauyi, waɗanda ruwansu ba shi da kauri, faifai ya kan yi aiki da kyau. In an ɗauka yana cika kashi 80 cikin 100, sai a raba 18 da 0.8 a sami faifai 23. Tazarar da a ka saba bari tsakanin faifai da faifai santimita 60 ce, don mutum ya iya shiga gyara. Faya-fayen za su ci kusan mita 14, in an ƙara filin ƙoli da matarar ruwa ta gindi, hasumiyar ta tasam ma mita 18. Mashigar kaya kuwa a kan sa ta a faifan da gaurayensa ya yi kama da na kayan da ke shigowa. A nan tsakiya ce.

Mataki na Biyar: Faɗi da Zafi

Tsawo daga wuyar rabuwa ya ke fitowa, faɗi kuwa daga yawan kaya. Ana kwashe kilomol 50 ana mayar da 80, saboda haka kilomol 130 na tururi ke hawa kowace awa. In hasumiyar ta yi ƙunci, tururi zai yi gudu har ya ɗauki ruwa daga faifai zuwa na samansa, magangara ta cika, aiki ya tsaya. Wannan ita ce ambaliya. In ta yi faɗi da yawa, tururi ba zai iya riƙe ruwa a kan faifai ba, sai ya yi ta yoyo ta hudoji. Souders da Brown sun nuna a 1934 cewa iyakar gudun tururi tana bin bambancin nauyin ruwa da na tururi. A digiri 50, ruwan furofan ya fi tururinsa nauyi sau 12 kacal, alhali ruwan rafi mai tafasa ya fi nasa sau 1,600. Shi ya sa tururi ke tafiya a hankali cikin irin waɗannan hasumiyoyi. A kan tsara su a kan kimanin kashi 80 na gudun ambaliya.

Daga ƙarshe sai lissafin zafi. Mai da kilomol 130 na tururin furofan ruwa cikin awa guda yana bukatar cire zafi kimanin kilowat 450, tukunyar gindi kuma ta ba da kwatankwacin haka. Daga nan a ke sanin girman masanyaya da tukunya.

Jerin Hasumiyoyi

Hasumiya ɗaya iyaka ɗaya ta ke yankawa, don haka raba abubuwa biyar yana bukatar hasumiya huɗu. Ana iya jera su ta hanyoyi da yawa: abubuwa uku hanya 2, huɗu hanya 5, biyar hanya 14, shida hanya 42. A masana'antun gas, irin ta tsibirin Bonny wadda ta fara fitar da kaya a 1999, al'ada ita ce a cire mafi sauƙi tukuna, metan, sa'an nan etan, furofan, butan. Dalili shi ne mafi sauƙi ne ke tilasta babban matsi da sanyi, da an rabu da shi sai sauran su huta.

Metan da etan suna da wata matsala. Kowane gas yana da zafin da in an wuce shi ba matsin da zai mai da shi ruwa. Na metan digiri 83 ne ƙasa da sifiri, na etan digiri 32. Ruwan rafi ba zai yi musu aiki ba ke nan. Hasumiyar etan da injin sanyi mai aiki da furofan a ke sanyaya ta. Ƙolin hasumiyar metan kuwa ya kan sauka zuwa digiri 90 ko 100 ƙasa da sifiri, sanyin kuma ana samunsa ne ta barin matsattsen gas ya faɗaɗa yana juya injin farfela. A irin wannan sanyi ƙarfe na yau da kullum ya kan yi gautsi, sai a yi amfani da alminiyam ko ƙarfe mai nikel. Dole kuma a busar da gas ɗin, a rage iskar kabon dayoksaid tun kafin ya shiga, in ba haka ba su daskare su toshe hanya.

Akwai kuma maƙwabta masu wuyar rabuwa. Fifikon isobutan a kan miƙaƙƙen butan wajen 1.3 ne, don haka tsabtar da ta ci matakai 8 da rabi a misalin baya za ta ci 30 a nan. Na furofilin a kan furofan wajen 1.1 ne, sai matakai 82. Shi ya sa hasumiyar raba furofilin ta kan ɗauki faifai fiye da 150, har wani lokaci a raba ta gida biyu.

Kiyaye Haɗari

Tsari bai cika ba sai an tanadi ranar da abu zai ɓaci. Ranar 23 ga Maris 2005, a matatar BP da ke Texas City a Amurka, ana tayar da wata hasumiya mai tsawon mita 52, a ka yi ta zuba mata ruwa ba a kwasa ta gindi. Ma'aunin tsayin ruwa gindin hasumiyar kaɗai ya ke aunawa, bai nuna wa ma'aikata cewa ta kusa cika ba. Ruwa ya bi bututun ƙoli, ya buɗe bawul ɗin sakin matsi, ya cika wata ganga mai buɗaɗɗen bututun hayaƙi, ya yi feshi sama. Tururinsa ya kama wuta, mutum 15 su ka mutu, kimanin 180 su ka ji rauni. Darasin masu tsarawa shi ne a sa ma'auni fiye da ɗaya, masu zaman kansu, a kuma kai duk abin da bawul ya saki zuwa rufaffiyar ganga da wurin ƙonawa mai nisa da mutane.

Kammalawa

Yanzu kwamfuta ke warware lissafin kowane faifai, tana amfani da ƙa'idodin da Soave ya buga a 1972, da na Peng da Robinson na 1976, waɗanda su ka fi na Raoult daidai a babban matsi. An kuma sami sababbin fasali, kamar hasumiya mai bango a tsakiya wadda ke raba abubuwa uku a ganga ɗaya, wadda kamfanin BASF ya fara aiki da ita a Jamus a 1985. Duk da haka injiniyoyi ba su bar gajerun hanyoyin Fenske da Underwood da Gilliland ba, domin da su a ke ba kwamfuta mafari, da su kuma a ke gane in ta ba da amsar da hankali ba zai ɗauka ba.

Malamin da ke son koyar da wannan ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Ninka 2.5 da kansa har a wuce 2,401 aiki ne da ɗalibi zai yi a kan allo. In ya sake yinsa da 1.3, sa'an nan da 1.1, zai gane da kansa dalilin da ya sa wata hasumiya a matata ta ke gajera, ta kusa da ita kuma ta yi tsawon da a ke hango ta daga nesa.